Gizago da Gawo: Tarihin Sassaƙa a Ƙasar Gumel

Kafin zuwan Turawa a 1903, babu gidan da ke ƙasar Gumel da ba ka samun aikin masassaƙi a cikinsa. Turmi da taɓarya, akushi, kujerar mata, ƙotar fartanya, sirdi, har allon da yaro ke ɗauka zuwa makaranta, duk daga bakin gizago suka fito. Kowane ice kuwa da aikinsa. Ƙirya ita ce ta turmi saboda taurinta, ita ce kuma gawayin maƙera. Danya ta akushi ce, aduwa ta allo da ƙota, giginya kuwa ta azarar soro. Masassaƙin da bai san daji ba, ba a kiransa gwani.

Sarakunan wancan zamani ma sun san darajar ice. A Damagaram, maƙwabciyar Gumel ta arewa, Sarki Tanimu, wanda ya rasu a 1884, ya hana sarar gawo tare da horo mai tsanani, domin gawo na kaɗe ganye da damina, ya bar wa gero taki da hasken rana.

To, me ya faru daga baya? Layin dogo daga Kano zuwa Nguru, wanda ya ratsa Gagarawa, ya kammala a 1930. Noman gyaɗa ya bunƙasa, aka yi ta share daji. Kafinta ya bayyana da zarto da ƙusa, yana aiki da katakon kurmi. Dokokin gandun daji na Turawa kuma suka mayar da sarar itatuwa da dama sai da izinin hukuma, har manomi ya daina kallon icen gonarsa a matsayin nasa. Farin 1973 da na 1984 suka ƙarasa abin da gatari ya rage. Masassaƙi ya koma yin tafiya mai nisa neman kututture guda.

Gwamnatoci sun yi ƙoƙari. Tun daga shekarun 1970 aka dasa jerin darbejiya da turare don tare iska, a 2007 kuma Tarayyar Afirka ta amince da shirin Koriyar Ganuwa, wanda Jigawa na cikinsa. Sai dai turare ba ya zama turmi.

Darasin yana can tsallaken iyakar Maigatari. A 1983, wani ɗan Ostireliya mai suna Tony Rinaudo ya lura a Maraɗi cewa kututturan da ke gona ba su mutu ba. Manomi ya zaɓi toho mai ƙarfi, ya datse sauran, ya tsare shi daga dabba da wuta. Wannan shi ne sassabin zamani. Da manoma suka tabbata icen nasu ne, aka farfaɗo da kimanin hekta miliyan 5 a Nijar, ciki har da gonakin Magarya da Matamai.

Ƙirya na daɗewa kafin ta isa sara. Saboda haka masassaƙin Sule Tankarkar da ke son jikansa ya gaji gizago, dole ya zama mai renon toho tun yau. Mu kuma marubuta, tsofaffin da suka san wane ice ne na wane aiki suna ƙarewa. A je a zauna da su, a rubuta.