John McKenzie: makiyayin da ya zama ministan filaye

A 1845, John McKenzie yana yaro a Sikotland ya ga talakawan da aka kora daga gonakinsu suna kwana a harabar cocin Croick, don masu ƙasa sun fi son tumaki. A 1860 ya yi ƙaura zuwa Niyu Zilan, ya fara da kiwon tumakin wani kafin ya mallaki gonarsa. Ya shiga majalisa a 1881, ya zama ministan filaye a 1891. A zamaninsa gwamnati ta sayi manyan gandaye irin su Cheviot, ta yanka wa ƙananan manoma. Sai dai kada mu ɓoye sauran labarin: a zamanin nan ne kuma aka saye filayen Maori masu ɗimbin yawa da araha, aka zaunar da Turawa.