Wa Ke Gane Yaron Da Ke Cikin Haɗari?

Tun kafin a san da Asibitin Malam Aminu Kano a bakin Titin Zariya, mutanen Gyaɗi-Gyaɗi da Tarauni suna da hanyarsu ta gane yaron da ke cikin wahala. Maƙwabciya ce ke fara lura yarinya ta rame, ko tallan gyaɗarta yana kai ta bayan isha'i. Ta tsegunta wa mijinta, shi kuma ya kai zauren mai unguwa, in ta faskara a dangana da dagaci. Maraya kuwa gwaggo ko kawu ke ɗauka riƙo, al'adar da Baba ta Karo ta ba da labarinta a littafin da ya fito a 1954.

Tsarin yana da aibinsa. Na ga 'yar riƙo tana wanke-wanke da asuba cikin hunturu, 'ya'yan gida suna barci, kara ta rufe bakin kowa. Amma mai yanke hukuncin mutum ne da aka san gidansa. Ana iya yi masa sallama a ce, "Ranka ya daɗe, ba haka abin yake ba."

Da hukuma ta shigo da gidan marayu na Nassarawa da gidan gyaran hali na Goron Dutse, sai takarda ta fara maye gurbin ido. A Afrilun 2020, lokacin korona, aka kwashi almajirai a motoci zuwa jihohinsu. Sunan almajiri kaɗai ya isa a ɗauki yaro.

Wannan ke sa gabana faɗuwa game da abin da gundumar Allegheny ta Amurka ta soma a 2016. Kwamfuta ke tattara bayanan kurkuku, asibiti da tallafin gwamnati, ta ba yaro maki daga 1 zuwa 20, wai hasashen ko za a raba shi da iyayensa cikin shekara biyu. Talaka ne ke bin layin gwamnati, don haka sawunsa ne a kundin. Mai hali yana asibitin kuɗi, ba a ganinsa. Jihar Oregon ta jingine irin nata a 2022.

Kano ta samu Dokar Kare Yara a 2023. In aka ɗora mata irin wannan lissafi, bazawarar Tarauni mai 'ya'ya biyar da farantin talla ce za ta fara fitowa da babban maki, kuma ba ta da zauren da za ta je ta yi bayani.