Yoyon mai a sandar bayan tarakta: abin da ke kawo shi da yadda ake gyarawa

Jama'a, da zarar an gama yankan hatsi, tarakta ba ta hutawa a jihar Maraɗi. Daga karkarar Tibiri zuwa fadamar Jiratawa, ita ce ke juya injin sussuka, ita ce ke farfasa ƙasa kafin noman rani. Duk wannan aiki yana rataye ne a kan wata ƴar gajerar sandar ƙarfe mai haƙora da ke leƙowa a bayanta. Idan kun ga mai yana ɗiga a nan, to ga abin da ya kamata mu sani.

Mece ce wannan sanda?

Makanikanmu suna ce mata "priz da fors" da bakin Faransanci, na Najeriya kuma su ce "fi-ti-o". Aikinta shi ne ta ɗauko ƙarfin injin tarakta ta miƙa wa na'urar da aka jona, ta hanyar doguwar sandar da ake kira kardan. Kamfanin International Harvester na Amurka ne ya fara sayar da tarakta mai ita a 1918. Wadda muka fi gani a nan tana da haƙora 6, kaurinta wajen milimita 35, tana juyawa sau 540 a minti ɗaya, wato sau 9 kafin mutum ya ƙifta ido ya buɗe, a daƙiƙa guda. Manyan taraktoci suna da mai haƙora 21 da ke juyawa sau 1000.

Me ya sa ɗigon ba abin rainawa ba ne?

A taraktoci da yawa, irin su Massey Ferguson da suka cika yankinmu, mai ɗaya ne ke shafa akwatin giya da gatarin baya, shi ne kuma ke ɗaga garma. Idan ya ragu, hannuwan ɗaga garma su yi sanyi, haƙoran giya su dinga cin juna. Gyaran da ƴar roba za ta yi ya koma sai an raba tarakta biyu, a tsakiyar kaka, mutane na jiran layi da dammunansu. Ƴan uwa da ke Legas, Abijan ko Aljeriya, waɗanda kuka haɗa kuɗi kuka saya wa gida tarakta, in an kira ku an ce "ai ɗan ɗigo ne", ku ce a gyara yanzu.

Abin da ke kawo yoyon

Akwai wani zoben roba mai siririn sifirin a ciki da ke rungume da sandar, shi ke tare mai. Makanikai na ce masa jwan, wasu su ce sil. Zafi da ƙurar hunturu suna busar da shi har ya tsage. Igiyar buhu, leda, waya ko ganyen kara da suka nannaɗe sandar suna yanke masa leɓe. Wani lokaci boris ɗin da ke riƙe da sandar, wanda ake kira rulma, shi ne ya mutu, sandar ta dinga rawa tana buɗe robar. Kardan da ya yi tsawo yana tokare sandar idan ana juya kwana, ya kashe boris. Sai kuma cika mai ya wuce alama, ko ƴar kafar shan iska ta akwatin ta toshe da ƙura, mai ya rasa mafita sai ta nan.

Yadda ake gyara

Da farko a kashe inji, a cire makulli, a sa duwatsu a tayoyi, a kwance kardan. A wanke wurin da gazuwal a goge tas, don a gane ko daga jikin sandar man ke fitowa, ko daga gefen murfin. In daga gefe ne, takardar murfin ce ko zobenta, ba jwan ba.

A tsiyaye man cikin wanke-wanken bokiti mai murfi. Wasu kan ajiye tarakta a gangare, kanta ƙasa, don man ya koma gaba, amma tsiyayewa ta fi, domin za a ga halin man. In ya yi fari-fari kamar nono, ruwa ya shiga, sai a canza shi duka.

A kama sandar a girgiza sama da ƙasa. In tana motsi, a canza boris tare da jwan, in ba haka ba sabon ma ba zai kai ƙarshen kaka ba. A kwance kusoshin murfi. A wasu taraktocin jwan kaɗai ake banɓarowa, a wasu sai an zaro sandar gaba ɗaya. Kada a karce mazauninsa da sukuddireba. A bi inda leɓen robar ke zama da farce: in farce ya maƙale a wani zurfi, sandar ta ci, sai a sa mata siririn zoben ƙarfe ko a nemi wata.

A jikin jwan akwai lambobi uku: faɗin ciki, faɗin waje da kauri, da milimita. Ku tafi da tsohon a hannu wurin masu kayan gyara a Maraɗi. In babu, ana kawowa daga Katsina ko Kano ta hanyar Jibiya da Ɗan Isa. Kada ku yarda da "ai kusan ɗaya ne".

Wajen sawa, a shafa wa leɓen mai, a naɗe haƙoran sandar da leda don kada su yanke shi. Gefen da ke da sifirin shi ke kallon ciki, wajen mai. A ɗora guntun bututu daidai faɗinsa a buga a hankali har ya zauna daidai, ba karkace ba. A ɗaure kusoshi ɗaya nan ɗaya can, a zuba irin man da littafin tarakta ya ce zuwa alama, a share kafar iska. A kunna sandar na ɗan lokaci, a kashe, a duba. Washegari a sake dubawa.

Gargaɗi

Wannan sanda ba ta san mai ita ba. Kada kowa ya matso don leƙen ɗigo tana juyawa. Babbar riga, rawani, gyale ko bakin zane, in ta kama, kafin direba ya kai hannu aikin gama ya gama. Mata masu tara hatsi da yara su tsaya nesa da kardan, kuma a mayar da murfin kariya bayan gyara. Tsohon mai kuwa kada a zubar kusa da rijiya ko magudanar ban ruwa, balle a kwarin Gulbin Maraɗi inda ruwan ƙasa ke kusa, wanda da shi muke shayar da zogale da albasa.

Ranar da sandar ba ta aiki, a rufe ta da hularta. Kowace safiya kafin fita, direba ya duba sandar awon mai, ya kuma leƙa ƙasa inda tarakta ta kwana.