Tarihin Jar Akuyar Maraɗi da Sha'anin Gado

Darasinmu na yau a kan gado ne, amma ba gadon gona ko na gida ba. Gadon kama muke nufi, wanda ke sa ɗa ya ɗauko iyayensa. Malamarmu kuwa ita ce jar akuyar da ke ɗaure a bayan ɗakinku.

Tun kafin zuwan Turawa, majeman ƙasar Hausa suna jeme fatar jar akuya, fatake su ɗora wa raƙuma, a ƙetare hamada da ita zuwa Arewacin Afirka. Daga can take shiga Turai, inda ake kiranta fatar Maroko, ana rufe littattafai masu tsada da ita. Sunan ya tafi ga Maroko, alhali da yawa daga cikin akuyoyin a ƙasar Sakkwato da Gobir da Katsina aka kiwata su.

To, yaya aka yi ta zama iri guda, ja wur, mai gajeren gashi, mai yawan tagwaye? Zaɓe ne. Mai kiwo ya riƙe wadda ta fi nono da haihuwa, ya sayar da saura, ɗansa ma ya yi haka. A 1859 wani Bature na Ingila, Charles Darwin, ya buɗe littafinsa da irin wannan zaɓe na makiyaya. Ya nuna cewa a daji ma ana yinsa, sai dai can yunwa da cuta da fari ne masu zaɓen, har iri ya sāke a hankali.

Yadda gadon ke tafiya kuwa, Gregor Mendel ne ya bayyana shi a 1866, da wani irin wake. Ya haɗa mai jan fure da mai farin fure, 'ya'yan duka suka fito ja. Da aka zo jikoki sai farin ya dawo, ɗaya cikin huɗu. Ashe bai ɓata ba, ɓoyewa ya yi. Launin akuya ya fi na wake sarƙaƙiya, amma ku riƙe wannan: rabin gado daga uwa yake, rabi daga uba. Cikin kowace ƙwayar jikin akuya akwai zarurruka 60 masu ɗauke da shi, 30 daga akuya, 30 daga bunsuru. Sinadarin da ke cikinsu shi ake kira DNA, an gano siffarsa a 1953.

Nan ne muke sakaci. Mace a Tibiri ko Jiratawa za ta tsaya ta zaɓi akuya a kasuwa, ta duba hantsa, ta duba haƙora, sannan ta sake ta ga kowane bunsurun unguwa. A ganina wannan kamar ka zaɓi irin gero ne ka gauraya shi da shara. Saboda haka ne ma'aikatan dabbobi tun zamanin Faransawa suka riƙa dandaƙe bunsuran da ba ja ba, kuma a 1963 aka buɗe gidan kiwon awaki na Maraɗi don a tsare irin, a riƙa raba wa ƙauyuka bunsura nagari.

Akwai kuma haɗari na biyu. In bunsuru ɗaya ya daɗe a garke har ya hau 'ya'yansa, lahanin da ke ɓoye, kamar farin furen nan, sai ya haɗu ta gefe biyu ya fito: 'ya'ya ƙanana, marasa ƙwari. Ku yi musanyar bunsuru da wani ƙauye kafin 'ya'yansa mata su isa barbara.