Labarin Masu Kai Abinci a Tamale

'Yan'uwa, sa'ad da muke tuna da aikin jinƙai a arewacin Gana, ya kamata mu faɗi labarin Shekhinah, gama da yawa cikinmu sun san sunan amma ba su san asalin ba.

A zamanin da muke magana, asibitin masu taɓin hankali uku ne a ƙasar duka, watau na Ankara, da Pantang, da Ankaful, dukansu kuwa a kudu suke. Mutumin Tamale in hankalinsa ya taɓu, danginsa kuma suka gaji, sai kwanan kasuwa da tonon juji. Bayan wannan, cikin shekara ta 1985 gwamnati ta ɗora kuɗin magani a asibitocinta, matalauci kuwa ya ƙara nisa da likita.

A cikin wannan hali Likita David Abdulai ya bar aikin gwamnati. Shi ɗan Tamale ne, ubansa kuturu, 'yan'uwansa goma duk suka mutu suna ƙanana, shi kaɗai ya rayu. Ya san yunwa tun kafin ya san littafi. Cikin 1991 ya buɗe asibitin Shekhinah a Gurugu, ba a karɓar ko kwabo. Cikin 1992 aka soma dafa abinci ana bin titi da shi, ana neman mahaukata inda suke kwana. Mutanen gari suka laƙaba masa suna mahaukacin likita. Cikin 1999 ya buɗe asibiti na biyu a Wamale.

Amma a ganinmu, likita ɗaya ba ya iya ciyad da gari. Masu aikin sa kai, Kirista da Musulmi tare, su suka ɗauki nauyin: mata masu hura wuta tun da asuba, da samari masu kai ƙwarya. Aikin nan ba sauƙi gare shi ba. Wanda aka daɗe ana jifa ba ya karɓar abinci daga hannun baƙo, sai wanda ya ga fuskarsa jiya da shekaranjiya. Saboda haka ba a fashin rana, ko da ruwa ko da salla.

Gwamnati ta kafa dokar lafiyar hankali cikin 2012, shekara 20 ke nan bayan an ɗora tukunyar farko. Likita Abdulai ya rasu cikin 2016, masu aikin kuwa suka ci gaba da dafawa.