Tarihi a Matsayin Tushen Tsarin Sauti: Nazarin Harsunan Quenya da Sindarin

Tsakure

Maƙalar ta yi nazarin ƙagaggun harsuna biyu na J.R.R. Tolkien ta hanyar kwatanta kalmomi masu tushe ɗaya. An gano cewa bambance-bambancen sautinsu suna bin dokoki tabbatattu, kuma kowace doka tana da gurbi a tarihin da marubucin ya tsara wa masu harshen.

1.0 Gabatarwa

Tolkien, wanda ya rayu daga 1892 zuwa 1973, shehin malami ne a fannin tarihin harsuna a Jami'ar Oksford ta Ingila. Tun wajen 1915 ya fara gina Quenya, shekaru da dama kafin fitowar The Lord of the Rings a 1954 da 1955. Zaƙin sautin harshen Finlan ne ya ja hankalinsa wajen Quenya, Sindarin kuwa ya ɗora shi kan salon harshen Welsh. Tambayar wannan nazari ita ce, me ya sa harsunan nan suke kama da na gaske?

2.0 Ƙagaggen Tarihi

A cikin labarin da Tolkien ya ƙaga, al'ummar Eldar sun taso da harshe guda, suka yi ƙaura zuwa yamma. Wasu suka ƙetare teku suka isa ƙasar Aman, inda harshensu ya zama Quenya. Wasu suka tsaya a Beleriand, nasu ya rikiɗe ya zama Sindarin. Da ƙabilar Noldor ta dawo daga Aman, Thingol, sarkin masu Sindarin, ya haramta Quenya a ƙasarsa, bayan ya sami labarin kisan da suka yi wa danginsa a Alqualondë. Daga nan Quenya ya koma harshen littafi da bukukuwan sarauta, Sindarin ya zama na yau da kullum.

3.0 Tsarin Sauti

Quenya yana da wasula biyar, dogaye da gajeru, kamar Hausa, da tagwayen wasula shida. Kalma tana ƙarewa ne da wasali ko da ɗaya daga cikin baƙaƙen t, s, n, l da r. Baƙaƙen b, d da g ba sa buɗe kalma, sai dai su zo a tsakiya bayan wani baƙi, kamar mb, nd, ld da ng.

Tarihi ne ya haifar da wannan ƙa'ida. Tsohuwar kalmar itace ita ce *galadā. A Quenya baƙin farko ya shafe, wasalin tsakiya ya bi shi, na ƙarshe ya gajarce, aka sami alda. A Sindarin baƙin farko ya tsira, wasalin ƙarshe ya faɗi, d ta yi laushi, aka sami galadh. Haka tsohon sautin kw ya tsaya yadda yake a Quenya amma ya koma p a Sindarin: quenta da pent, duka ma'anarsu labari. Sindarin kuma yana gina jam'i ta sauya wasula, kamar adan da edain, ko amon da emyn.

4.0 Sauti da Siyasa

Misali mafi ƙarfi yana cikin rubutun Tolkien da ɗansa Christopher ya wallafa a 1996. Noldor sun fara furta s a gurbin þ, sautin da ake yi da harshe a tsakanin haƙora. Fëanor, ɗan sarkin Noldor, ya ƙi sauyin, domin laƙabin mahaifiyarsa marigayiya Míriel shi ne Þerindë. Da Indis, matar mahaifinsa ta biyu, ta rungumi sabon lafazin, sai ya ɗauki hakan cin fuska. 'Ya'yansa suka riƙe þ a matsayin shaidar biyayya gare shi. Rikicin 'yan uba ya shiga cikin furuci, wanda ya yi daidai da abin da masana walwalar harshe suka sani: lafazi yakan nuna ɓangaren da mutum yake.

5.0 Kammalawa

Nazarin ya nuna cewa Tolkien ya fara kafa tushe ne, ya gindaya dokokin sauyin sauti, sannan ya fitar da kalmomi daga cikinsu. Wannan ne ya ba harsunansa kamannin gaskiya. Don haka ana ba malaman sassan harsuna shawarar su yi amfani da waɗannan misalai wajen horar da ɗalibai dabarun kwatanta harsuna masu dangantaka.