Yadda ake gwada gilasan kyamara

Gilashin da ke gaban kyamara na daga cikin manyan abubuwan da ke tantance kyawun hoto, kuma wani gilashin ya fi ita kanta kyamarar tsada. Don haka gwajin da aka yi da sakaci kan jawo wa mai saye asara.

Sharaɗin farko shi ne gilashi kaɗai za a riƙa canzawa. Kyamara da haske da nisa duk su kasance iri ɗaya. Akan kafa kyamarar bisa mazauni mai ƙafa uku, domin rawar hannu kan dusashe hoto, a ɗora wa gilashi laifin da ba nasa ba.

Allon gwaji

Masu gwaji kan ɗauki hoton allo mai siraran layuka baƙaƙe da farare. Rundunar sojin saman Amurka ta fito da irin wannan allo a 1951, yayin da hukumar ISO ta fitar da ƙa'ida mai lamba 12233 a 2000. Gilashin da ya bambance layuka mafi siranta shi ne ya fi kaifi.

Akan duba tsakiyar hoton da kusurwoyinsa, saboda yawancin gilasai sun fi rauni a gefe.

Ƙofar haske

Wajibi ne a kwatanta gilasan a buɗin ƙofar haske iri ɗaya. Da yawansu sun fi kaifi tsakanin f/5.6 da f/8, sannan kaifin ya ragu idan an tsuke ƙofar zuwa f/16 ko f/22.

Haka kuma gilasai biyu samfuri ɗaya kan ɗan bambanta tun daga masana'anta, shi ya sa ƙwararru kan gwada guda da dama kafin su yanke hukunci.